Yadda Rubu'in Ƙwaya Ya Zama Guda a Takardata

Ina da shekara ashirin da biyu aka zaunar da ni gaban ordinatar, abin da yanzu kowa ke ce wa kwamfuta. Shekara biyu ko uku ke nan bayan an karya darajar kuɗin sefa. A duk faɗin ƙasar Madawa ban san wata ƴa mace da ta taɓa sa hannu a kan irin wannan na'ura ba, kuma kada in yi muku ƙarya, kaina ya kumbura. Tafiyata ma sai da ta canza. Amma a ciki tsoronta nake ji kamar me. In ta yi ɗan ƙara sai in janye hannu, in ta yi shiru da yawa in ce shi ke nan, na kashe musu kaya.

Babana mutumin tudun Karofane ne, can ƙasar Buza. Gidansu a da gidan tsafin gado ne, kakana shi ke yi wa dutsen garin yanka kafin shuka, daga baya duk suka musulunta. Shi Baba gyambo ne ya kawo shi asibitin mishan yana saurayi. Ƙafa ta warke, shi bai koma ba. Ya zama Kirista, ya zama mai kula da injin wutar asibiti, ya auri Inna, aka haife mu a unguwar ma'aikata. Danginsa suka ɗauke ƙafa, in ban da mutum ɗaya: yayarsa, Gwaggo, ungozomar ƙauyensu. Duk shekara bayan girbi sai ta zo mana da wake da ɗan man shanu, ta yi sallarta a ƙofar ɗakinmu, ta zagi Baba son ranta, ta koma. Ni kuwa sona take kamar ta haɗiye ni.

Biron da nake aiki, wato ofishinmu, wani ɗan ɗaki ne a bayan majami'a. Muna shirya ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da takardun kiwon lafiya da Hausa. Shugabata wata dattijuwar Baturiya ce, Madam muke ce mata. Ta daɗe a ƙasar, tana Hausa irin ta littafi, kowace kalma da rigarta da wandonta. Ba ta da faɗa, da ma tana da shi da ya fi mini sauƙi. In na yi kuskure sai ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "To, ƴata, mu sake." Wannan kallon ya fi mini mari ciwo. Shi ya sa na koyi mugun hali: ko ban gane ba sai in ce na gane.

Ranar da ta koya mini sa zane a cikin shafi, ina tune da ita sarai. Ta ce hoto iri biyu ne a cikin na'ura. Akwai wanda aka yi da ɗige-ɗige, kamar an baza gero a faifai, in aka ƙara masa girma sai ƙwayoyin su fito fili, bakinsa ya yi kaca-kaca. Akwai kuma wanda ba ɗige ba ne, umarni ne: fara daga nan, ja layi zuwa can, lanƙwasa, rufe. Irin wannan, ko an ƙanƙanta shi ko an faɗaɗa shi, injin bugu sabo zai zana shi, layinsa sumul. Zanenmu duk irin na biyu ne, ita take yin su da kanta a wata manhaja daban, ni kuma in jera su da rubutu a manhajar tsara shafi.

"Amma ki ji da kyau," in ji ta. "In kin kira zane cikin shafi, ba shi ne yake shigowa ba, inuwarsa ce. Shi yana can zaune inda na ajiye shi, da sunansa. Shafin yana riƙe da inuwar da sunan kawai. Ranar bugu injin zai je ya nemo shi. In ya same shi, zai buga shi da kyau. In bai same shi ba, inuwar zai buga. Kin gane?"

Na ce na gane. Ina kallon gilashin na'ura, ga hoto a cikin shafi ƙiri-ƙiri, wai ana ce mini ba ya ciki. Na ce a raina, Turawa dai da son wahalar da magana.

Aikin da ya zo mana farkon damina shi ne takardar ƙwayar masassara. Za a tara ungozomai daga ƙauyuka goma sha biyu, a koya musu, a ba kowace akwatin magani da takarda ɗaya. Babu mai karatu a cikinsu, don haka zanen shi ne maganar duka. Layi uku ne. A sama jariri a goye, a gabansa rubu'in ƙwaya. A tsakiya yaro mai tafiya, a gabansa rabi. A ƙasa wanda ya isa zuwa kiwo, shi ne mai guda. Kowace ƙwaya Madam ta zana ta da'ira cikakkiya don a gane ƙwaya ce. Yankin da za a ba yaro ta cika shi baƙi ƙirin, yankin da za a ajiye ta yi masa ƴan siraran layuka a jere, da fari a tsakaninsu. A bugun gwaji ya fito tsaf. Ta sha faɗa mini cewa ƙwayar nan ba ta da wasa, in aka zarce wa jariri awo tana iya tsayar masa da zuciya.

Saura kwana takwas taro, sai abubuwa suka rikice. Madam ta kwanta da shawara, aka ce sai an kai ta Yamai. Garin tawadar injin bugunmu kuma ya ƙare, sabon bai iso ba. Kafin a sa ta a mota ta rubuta mini wasiƙa zuwa wani biro na masu aikin gyaran ƙasa a Keita, inda suke da inji irin namu. Ta riƙe hannuna, idonta rawaya kamar an shafa gangamau, ta ce, "Ki kwashe kome a disket. Kome da kome." Na ce to.

Disket, wato ɗan faifan da ake kwasar aikin na'ura a ciki, ɗaya gare ni mai lafiya. Na sa shafin ya shiga, na zo sa zanen, na'ura ta ce wuri ya cika. Na sake, ta sake faɗa. Akwai wanda zan iya roƙo, akawun asibiti, aljihun teburinsa cike yake da disket. Amma mutumin nan tun ranar da aka ɗauke ni yake yawo yana cewa an ba mace aikin da ya fi ƙarfinta. In je in tsaya gabansa in ce na kasa? Allah ya kiyaye! Na buɗe shafin daga cikin disket ɗin, na ga jaririna, na ga ƙwayoyina, kowa yana wurinsa. Na ce to, me kuma ake nema? Na rufe na tafi gida.

Wuni guda na yi a hanya, a bayan wata tsohuwar mota mai buhuna, muka bi ta Buza. Washegari da safe na kai wasiƙar. Mutumin da ya karɓe ni mai kirki ne, har ruwan sanyi ya sa aka kawo mini. Ya sa disket, ya danna bugu. Sai wani ɗan akwatin rubutu ya fito a gilashi, da Ingilishi. Shi Faransanci ya iya, ni ma haka.

Ya ce, "Madmazel, kamar wani abu yake nema bai samu ba. Akwai wani disket ɗin?"

A take maganar Madam ta dawo mini kamar yanzu take yin ta. Abin da ban taɓa yafe wa kaina ba ke nan, don ba rashin sani ba ne, na sani. Na ɗauko inuwa na bar zanen a gida. Amma komawa da dawowa kwana biyu ne in an yi sa'ar mota, taro ya ƙarato, ga maza uku a biron sun juyo suna kallona. Na ɗaga kai na ce, "Kullum haka yake yi. Danna ka wuce."

Takarda ta fito. Rubutun sumul. Zanen kuwa bakinsa kamar gara ta ci, siraran layukan nan sun dunƙule sun yi toka-toka. Amma in an ƙura ido ana rarrabewa, nan baƙi, nan toka. Na ce ai ya yi. Na dawo gida aka ɗauki zubinta a sitansil, siririyar takardar da ake fitar da kwafi da ita, na hau roniyo, injin nan da ake juyawa da hannu yana zubo takardu. Shi kuwa roniyo bai san toka ba, ko baƙi ko fari, ga zafi ya sa tawadar ta yi ruwa. Na juya, na shanya, na ninke. Na duba kuwa, sau uku na duba, amma rubutun nake bi kada a ce na tsallake harafi. Zanen na riga na san abin da yake nufi. Idona yana ganin rubu'i ne don kaina ya san rubu'i ne.

Ranar taro wata malamar jinya ta koya wa matan da ƙwaya ta gaske da reza. Takardun sai da za a watse aka raba su, a ninke. Gwaggo tana cikin matan. Da aka ce musu ɗiyar ƙanenta ce ta yi takardar, sai ta riƙe ta hannu biyu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar mutane.

"Ɗiyata ta yi wagga? Da hannunta? Kai, madalla da ranar ga!"

Ta naɗe ta a leda, ta ƙulle a bakin zanenta. Ni kuwa ina gefe ina wani sunkuyar da kai, alhali daɗi kamar ya kashe ni.

Akwatunan magani ba su gama haɗuwa ba a ranar. Aka ce mota za ta bi ƙauyukan ta kai su ƙarshen wata. Gwaggo kaɗai ta tafi da nata, don in ruwa ya zauna mota ba ta hawa tudunsu, Baba ne ya roƙa aka haɗa mata.

Kwana tara bayan haka, da safe ina shan kunu a tsakar gida, Inna ta ɗauki ɗaya daga cikin ragowar takardun da na kawo za ta fifita wuta. Inna ba ta karatu. Ta tsaya ta dube ta, ta ce, "Ashe yanzu an sauƙaƙa abin. Kowa guda guda, har jinjiri."

Na ce, "Wane irin guda guda, Inna? Na jinjiri rubu'i ne."

"To ina rubu'in?"

Na karɓa na duba. Da'ira uku, baƙaƙe ƙirin, cikakku, babu ko tsaga a jikinsu. Na kai ta rana, na karkata ta, na ɗauko wata, na ɗauko wata. Duk haka suke. Wayyo Allah! Ban san lokacin da kwanon ya faɗi ba. Inna tana ta tambaya me ya faru. Damina ce, lokacin da masassara ke shiga gida gida, kuma kwana tara ke nan takardar tana ƙulle a zanen Gwaggo, akwatin yana ɗakinta.

Da gudu na isa ɗakin injin wuta, ko kallabi babu. Na faɗa wa Baba kome, Keita da disket da akwatin rubutun da na ce a danna. Bai yi faɗa ba. Ya dubi takardar, ya ce, "Wa ke da maganin a hannu?"

"Gwaggo kaɗai."

Ya goge hannunsa da tsumma, ya je ya aro babur ɗin mai wa'azin majami'armu.

An yi ruwa a daren. Muna barin kwalta hanya ta zama laka, babur yana wutsil-wutsil, sau biyu muna zubewa. A wata korama sai da manoma suka bar gona suka taya mu ɗaga shi, ruwa har cinya. Na so in yi addu'a, ni da na haddace ayoyi tun ina ƙarama, amma babu abin da ke fita daga bakina sai "kada, kada, kada". Abin da ke cin raina shi ne jikan Gwaggo. Ranar taro ta yi ta ba mu labarinsa, ɗan autanta ne ya haife shi kafin ya tafi cirani Abijan, watansa bakwai, wai ya fara haƙori yana cizon kowa. Ina ta ce wa kaina ai ba dole ne ya yi masassara ba. Ai yara da yawa suna wuce damina lafiya.

Mun isa gab da azahar. Tun daga nesa na hango mata a tsaye ƙofar gidan Gwaggo. Da kyar na sauka daga babur. Na kasa kunne, ban ji kuka ba, na riƙe wannan kamar igiya. Gwaggo da ta ji ƙarar babur ta fito. Na ja ta bayan rumbu, inda ba mai ji.

"Gwaggo, jinjirin ne?"

"Shi ne. Masassara tun shekaranjiya. Na ba shi magani, amma jiki sai ƙara saki shikai."

"Nawa kinka ba shi?"

"Guda jiya da marece, guda yau da hantsi. Awa yadda takarda ta ce."

Na ce, "Takardar ƙarya ce, Gwaggo. Ni na ɓata ta. Rubu'i ne."

Ta dube ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ta juya ta faɗa ɗaki, na bi ta.

Yana kan cinyar uwarsa, yarinya ce da ba ta kai ni shekaru ba. Ya yi amai har ya ɓata mata zane. Idonsa a rabi, wuyansa ya saki, leɓensa ya yi wani irin launi. Gwaggo ta fizge shi. Uwar ta gigice, ba za ta iya zama a babur ba, saboda haka ni aka ɗora wa shi a baya, Gwaggo ta ɗaure shi da mayafinta ta ja ƙulli har na ji zafi. Ta ce da Baba, "Tahi ɗakin shan magani wurin majo. Muna biye."

Daga ƙauyen zuwa ɗakin shan magani na Karofane ba wata tafiya ce mai nisa ba, amma ni ban taɓa yin doguwa kamarta ba. Hanyar duk duwatsu ce. Hannuna ɗaya yana riƙe da rigar Baba, ɗaya na mai da shi baya ina tallafe da kan yaron. Ina jin ɗumin numfashinsa a tsakanin kafaɗuna, ɗan kaɗan, sai ya ɗauke, sai in daina nawa numfashin har ya dawo. Akwai inda ya daɗe bai dawo ba. Na ƙwala wa Baba ihu na ce ya tsaya, ya ce, "In mun tsaya mi za mu yi mishi?" Bai tsaya ba. Can sai na ji ɗan motsin yatsunsa a haƙarƙarina. Har yau in aka taɓa ni a wurin nan ba zato, sai gabana ya faɗi.

Majo, wato babban malamin jinyar wurin, wani dogo ne marar yawan magana. Ya kwance yaron daga bayana ya ce, "Mi anka ba shi?" Na faɗa masa, guda biyu, da lokutan. Ya yi salati, ya shige da shi ciki. Ta taga na ga ya zura masa roba ta hanci, na ga allura, na ga an rataye ruwa. Ya leƙo ya ce aman da ya yi ya taimaka, amma ba zai ce kome ba sai an wuce la'asar.

Ba a jima ba amalanke ta iso da Gwaggo da uwar yaron da wasu maza uku na ƙauyen, har da ƙanen mai gari. Majo ya fito baranda, ransa a ɓace, ya tsaya a gaban kowa.

"Wace ce ungozomar?"

Gwaggo ta ce, "Ga ni."

"Ke ce anka ba akwati? Ba a koya miki ba? Ba a ba ki takarda ba? Jinjiri ɗan wata bakwai ki ɗura mishi ƙwaya guda?"

Ina tsaye kusa da ita. Ina ganin ƙullin a bakin zanenta, ga ledar ta ɗan leƙo. Hannunta yana kai. Kwancewa kawai za ta yi ta miƙa masa, magana ta ƙare.

Ta ce, "An koya min. An ba ni takarda, ta ɓace min. Ni na mance awon. Tsuhwa ce, majo."

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Sai na ji ta damƙe wuyan hannuna, farcenta ya shige fata. Na dubi Baba, idonsa yana ƙasa. Majo ya yi ta faɗa, ya ce irinsu ne ke kashe ƴaƴan mutane. Uwar yaron ta fashe da kuka. Mazan suka kau da kai daga Gwaggo, ni kuma na rufe bakina.

Da aka lafa ta ja ni bayan ginin, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Na durƙusa ina kuka na ce, "Gwaggo, ki bari in hwaɗi. Ni ce."

"Ruhe min baki. In anka ji takardar Kiristoci ta kusa kashe ɗa, wa za shi koma shan maganin ga a garinmu? Ubanki kuma da wace ƙahwa za shi taka ƙohwar gidan ubanshi? Ke yanzu kinka hwara. Ni tsohuwa ce, an saba tsohuwa ta yi kure."

Ta dubi tafin hannunta. Sa'an nan ta ce, "Na ga ta yi mishi yawa. Hannuna ya sani. Sau biyu ina ɗaukar reza ina ajewa. Shekara talatin ina auna ma jinjiri magani da yatsa biyu, tun na itace, ban taɓa zarcewa ba. Amma na ce abin da anka rubuta ba a musu da shi, balle ɗiyata ta rubuta. Na ce ta hi ni sani."

Zan faɗi wani abu da ya fi wannan muni. A cikin kukan nan da nake yi, da ta ce in rufe baki, sai na ji sanyi a raina. Tsoron majo nake ji, da jandarma, da idon Madam, da dariyar akawu. Ta miƙo mini mafaka, ni kuwa na shige da gudu. Ban sake cewa a bari in faɗa ba.

Bayan la'asar yaron ya buɗe ido ya yi wani ɗan kuka kamar na mage. Aka ba uwar, ya kama nono. Majo ya ce ya tsallake, amma za su kwana biyu. Mazan suka yi hamdala, Baba ya koma bayan babur ya rufe fuska da hula. Gwaggo ta matsa ta miƙa hannu biyu za ta karɓe shi. Uwar ta juya mata kafaɗa.

Majo ya rubuta rahoto, kamar yadda aikinsa ya ce. Aka karɓe akwatin daga hannun Gwaggo. Wannan ma da sauƙi. Matan da ita ta yanke wa cibiya suka koma kiran wata daga ƙauyen gaba in naƙuda ta tashi. Aka daina aiko mata da ƙwaryar suna. Ta ƙara shekara takwas a duniya ba a sake buga mata ƙofa don haihuwa ba, kuma ba ta fasa zuwa mana da wake bayan girbi ba. Ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba.

Sauran takardun goma sha ɗaya na bi na karɓo su kafin akwatuna su fita, na ce tawada ce ta yi yawa. Da Madam ta dawo na ajiye mata ɗaya a tebur. Ta daɗe tana kallonta, ta buɗe shafin a na'ura, ta dube ni. Labarin ungozomar Karofane ya riga ya iso asibiti. Ina jin ta haɗa biyu da biyu, amma ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Ta sake zana ƙwayoyin, rubu'i ya zama ɗan yanki shi kaɗai, babu da'ira, babu siraran layuka. Na koma Keita da disket uku, na tsaya a kan mutumin har na ga babu akwatin da ya fito. Kafin a raba, Inna na fara kai wa ta faɗa mini abin da ta gani.

Na yi shekaru a wannan sana'a bayan haka. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashina suna ce mini masifaffiya, don duk wanda ya kawo mini shafi ba tare da ainihin zanensa ba, ko daga ina ya taso, sai ya koma. Su faɗi abin da suke so.

Yaron ya girma, ya zama ƙato, ya bi sawun ubansa zuwa Abijan, yanzu ƴaƴansa huɗu. Duk shekarar da ya dawo gida sai ya biyo ta wurina da turmin atamfa. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce wa duk wanda ke wurin, "Wagga ita ce uwata ta biyu. Ita ta goya ni a babur ta cece ni, ranar da tsohuwa ta kusa kashe ni." Haka aka ba shi labari tun yana ƙarami, haka yake ba ƴaƴansa. Ni kuma in karɓi atamfar in ce, "Allah ne ya yi."

Baba ya rasu, Madam ta rasu, Inna ta rasu. Babu sauran wanda zan ce ina karewa. Bara da ya zo na ƙudura zan faɗa masa, har na sa aka fitar da yara daga ɗakin. Ya zauna yana kallona yana murmushi, yana jira. Na tambaye shi ya hanya.

Shi ya sa na rubuta shi a nan, don na san bai iya karatu ba.